FASHIN BAƘI: Ƙudan da ke ɗanɗana abinci da ƙafa, da abin da ya tona game da kwaɗayi

Daga watan Maris zuwa faɗuwar damina, wanda duk ya bi ta Unguwar Shanu da ke Kaduna da yamma zai tarar da baro da teburan masu 'ya'yan itace a bakin titi: mangwaro, ayaba, da abarba da kankanar da aka yanka aka ɗaura wa leda. A ƙarƙashin kusan kowane tebur akwai kwandon da ake jefa waɗanda suka lalace. Idan ƙafa ta taɓa kwandon, sai wasu mitsi-mitsin ƙudaje su tashi duu kamar hayaƙi, su yi shawagi na ɗan lokaci, su koma inda suka taso. Ba sa cizo, ba sa ƙara a kunne, kuma mai tebur bai cika damuwa da korarsu ba.

Wannan ɗan ƙwaro mai jan ido, wanda tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, shi masana ke kira Drosophila melanogaster. Da wuya a sami wata halitta da aka yi wa ƙwaƙwalwarta binciken ƙwaƙwaf kamar tasa. Tun 1910 Thomas Hunt Morgan ya fara gano dokokin gado a jikinsa a Jami'ar Columbia da ke Amurka, aikin da ya jawo masa kyautar Nobel a 1933. Dalilin zaɓarsa ba ɓoyayye ba ne. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne kawai, ɗaruruwa na rayuwa a kwalba ɗaya, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da aka san suna da hannu a cututtukan ɗan Adam suna da takwarorinsu a jikinsa. Asalinsa ma ɗan Afirka ne: a 2018 masu bincike daga Jami'ar Lund ta Suwidin suka iske danginsa na daji a Zimbabuwe, suna rayuwa kan 'ya'yan wata bishiya da ake kira marula.

Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara 60 suna yi masa mai sauƙin faɗa ce: me ke sa mai rai ya ci wannan ya bar wancan, kuma me ke gaya masa ya ƙoshi? Amsar da ta fito ta shafi mai ciwon sukari, ta shafi manomin mangwaro, ta kuma shafi matar da ta zuba maganin kyankyaso a madafa ta wayi gari ta ga ba a ko taɓa shi ba.

Harshe a tafin ƙafa

Ƙuda ba ya jira abinci ya shiga bakinsa kafin ya san ɗanɗanonsa. A ƙafafunsa akwai ƙananan gasusuwa masu huda a tsini, a cikin kowanne kuma akwai ƙwayoyin jijiya masu jin ɗanɗano. Da zarar ya sauka kan ɓawon mangwaro, ya riga ya ɗanɗana shi. Irin waɗannan gasusuwa na nan a gefen fukafukansa, da kuma a leɓen bakinsa, wanda bututu ne da yake naɗewa ya miƙe kamar hancin giwa. A kowane ɓangare na leɓen akwai gashi kusan 31, kowanne ɗauke da ƙwayar jijiyar ɗanɗano biyu zuwa huɗu. A cikin maƙogwaro ma akwai wasu, masu yanke hukuncin ƙarshe kan a haɗiye ko a bari.

Wannan tsari ne ya ba masana hanyar yi wa ƙuda tambaya ya amsa. Ana manna shi a jikin ɗan tsinke, a shayar da shi ruwa har ya ƙoshi don kada ƙishirwa ta rikita lissafi, sannan a taɓa ƙafarsa da ɗigon ruwan sukari. Idan ya ji zaƙi kuma yana so, sai bututun bakin ya miƙe. Idan aka gauraya ɗaci a ciki, sai ya naɗe bakinsa. Vincent Dethier, wani masani ɗan Amurka, ya shafe shekaru yana wannan gwaji da manyan ƙudaje irin masu sauka kan nama, ya kuma tattara sakamakon a littafinsa The Hungry Fly a 1976. Cikin abubuwan da shi da abokan aikinsa suka gano akwai wani mai ban tsoro. Akwai wata jijiya da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin cewa ciki ya cika. Idan aka yanke ta, ƙuda zai yi ta sha har ya kumbura, wani ma har cikinsa ya fashe. Ashe ƙoshi saƙo ne da ake aikawa. In saƙon bai isa ba, baki ba ya tsayawa da kansa.

Layin zaƙi da layin ɗaci

Sai a shekarar 2000 ɗakin binciken John Carlson na Jami'ar Yale ya gano dangin ƙwayoyin gadon da ke ƙera makarɓan ɗanɗano, wato ƙananan sinadaran da ke zaune a jikin ƙwayar jijiya suna cafke sukari ko wani abu mai ɗaci. An ƙidaya irinsu 68. A 2004 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya a ƙarƙashin Kristin Scott ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ɗayar a ƙarƙashin Hubert Amrein, suka nuna cewa ƙwayoyin da ke jin zaƙi daban suke da masu jin ɗaci, kuma kowane rukuni na da wurin da yake kai saƙonsa a ƙwaƙwalwa. Ɗaya na cewa a ci, ɗayan na cewa a guje.

Gwajin da ya fi burge ni a wannan babi an yi shi a 2006. Ƙudan 'ya'yan itace bai san yajin barkono ba, domin ba shi da makarɓin da ke jin sa. Sai ɗaliban Scott suka ɗauko makarɓin yaji daga dabba mai shayarwa suka dasa shi a ƙwayoyin zaƙin ƙuda. Nan take ƙudajen suka koma son sinadarin barkono kamar sukari. Da aka dasa shi a ƙwayoyin ɗaci, sai suka riƙa gudunsa. Sinadarin bai sauya ba. Layin da ya bi zuwa ƙwaƙwalwa ne ya sauya. Daɗi ko rashin daɗin abu, ke nan, ya dogara ga wace jijiya ya taɓa.

Daga baya an gano ƙuda na da ƙwayoyin jin ɗanɗanon ruwa zalla, da na iskar da ke tashi a abin da ya fara tsami, irin wadda ke kumfa a lemon kwalba. Gishiri kaɗan yana jan sa, mai yawa yana korarsa. Sinadarin kafin da ke cikin goro da gahawa kuwa layin ɗaci yake bi, saboda haka ƙudan ba abokin cin goro ba ne.

A watan Oktoban 2024 aka kai wani matsayi da a da ake gani kamar mafarki. Wata haɗakar masana da ake kira FlyWire, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Princeton da haɗin gwiwar masana na Cambridge, ta wallafa cikakkiyar taswirar ƙwaƙwalwar ƙuda baligi a mujallar Nature: ƙwayoyin jijiya 139,255 da mahaɗa fiye da miliyan 50 a tsakaninsu. Philip Shiu, wanda ya yi aiki a ɗakin binciken Scott, ya zuba taswirar a kwamfutar tafi-da-gidanka, ya kunna ƙwayoyin zaƙi a cikin manhajar, ita kuma ta yi hasashen ƙwayoyin da za su motsa har bututun baki ya miƙe. Da aka gwada a ƙudaje masu rai, hasashen ya dace fiye da sau 9 cikin 10.

Yunwa na murɗa ma'auni

Da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce ƙuda inji ne mai maɓalli biyu. Amma ƙarfin kowane layi yana hawa yana sauka gwargwadon halin da jiki ke ciki. A cibiyar Caltech, Hidehiko Inagaki da David Anderson sun nuna a 2012 cewa idan yunwa ta kama ƙuda, sinadarin dofamin na ƙara wa ƙwayoyin zaƙi kaifi, har ruwan sukarin da ya raina yana ƙoshe ya zama abin rububi. Bayan shekara biyu suka ƙara da cewa idan yunwar ta yi tsanani, jin ɗaci na dusashewa. Jerin ma abin lura ne: kaifin zaƙi ke fara zuwa, dusashewar ɗaci sai daga baya, domin ɗaci a daji sau da yawa alamar guba ne, kuma ba a kasada da guba sai an rasa mafita. Dattawan da suka ga shekarun fari sun san ganyayen da ba a waiwaya sai rumbu ya ƙare. Wanda ya yi azumi kuwa ya san yadda dabino ɗaya ke zama a baki da magariba.

Buƙatar jiki ma na zaɓar nau'in abinci. Abin da ke kai ƙudan nan kwandon ruɓaɓɓen mangwaro ba zaƙin kaɗai ba ne, har da yis ɗin da ke tsiro a kan ruɓar, wanda shi ne namansa, inda yake samun furotin. A 2010 Carlos Ribeiro da Barry Dickson suka nuna cewa tamatar da ta yi barbara na karkata ga yis fiye da wadda ba ta yi ba, saboda wani sinadari da namiji ke zuba mata tare da maniyyi, wanda ke aika saƙo ƙwaƙwalwarta. Bincike na baya ya nuna son gishirinta ma na ƙaruwa. Masu karatu za su tuna da kwaɗayin mai ciki, kuma kamar akwai. Sai dai kama ce kawai, domin hanyoyin da jikin mace ke bi daban ne. A 2017 ɗakin binciken Ribeiro da ke Lisbon ya gano har ƙwayoyin bakteriyar cikin hanjin ƙuda na da ta cewa: wasu nau'o'i biyu idan suna nan tare, sukan kwantar masa da kwaɗayin furotin ko da abincinsa ya gaza.

Akwai kuma wani ma'auni na biyu a can ciki, wanda baki bai san da shi ba. Monica Dus da Greg Suh sun yi gwaji da ƙudajen da aka kashe wa jin zaƙi, aka ajiye musu sukari iri biyu, ɗaya mai ba da ƙarfi, ɗayan jiki ba ya iya amfani da shi. Da yunwa ta kama su, sai suka zaɓi mai amfanin. A 2015 aka gano ƙwayoyin jijiya shida kacal a ƙwaƙwalwa da ke auna sukarin da ya shiga jini. Ana iya yaudarar harshe, amma akwai mai binciken kuɗi a bayansa.

Sukari na cinye zaƙinsa

A nan batun ya iso teburin mai shayi. Bayan Dus ta buɗe nata ɗakin binciken a Jami'ar Michigan, ita da ɗalibanta sun ɗora ƙudaje kan abincin da kashi 30 cikin 100 nasa sukari ne. Cikin kimanin mako guda ƙwayoyin zaƙinsu suka rage amsawa. Mai hankali zai zaci wanda ya daina jin daɗin abu zai rage cinsa. Akasin haka aka gani: ƙudajen suka riƙa daɗewa a kan abinci, suna ci fiye da da, suna tara kitse.

Masu binciken sun bi diddigin wane ne ya haifi wani. Ƙudajen da aka sa suka yi ƙiba ta hanyar gado, ba tare da sukari ba, jin zaƙinsu bai taɓu ba. Waɗanda aka hana yin ƙiba amma aka ɗura musu sukari, nasu ya dusashe. Da aka yi amfani da haske aka farfaɗo da ƙwayoyin zaƙin, sai ƙudajen suka daina wuce gona da iri duk da cewa abincin bai sauya ba. An wallafa wannan a 2019. Fassarar da suka ba shi ita ce jin zaƙi na cikin abubuwan da ƙwaƙwalwa ke ƙidaya ta san an ci isasshe. Idan ya dusashe, ƙidayar na makara. A shekara ta gaba suka nuna cewa sauyin na daɗewa a jikin ƙuda kwanaki da dama bayan an mayar da shi abinci na daidai.

Dole a taka birki a nan, domin irin wannan sakamako ne ake ɗauka a kafafen sada zumunta a mayar da shi fatawar likita. Makarɓan zaƙin ƙuda ba danginsu ɗaya da namu ba, kuma rayuwar da ba ta wuce wata biyu zuwa uku ba ba za ta faɗi abin da shekara 30 na shan zaƙi ke yi wa mutum ba. A ɓeraye, binciken da Dus ta shiga a 2022 ya nuna jijiyar harshe ta rage amsa wa sukari bayan mako huɗu na shan ruwan sukari, amma ta dawo daidai bayan mako huɗu na ruwa zalla. A mutane kuwa, wani gwaji na cibiyar Monell da ke Philadelphia a 2016 ya nuna waɗanda suka rage sukari na wata uku sun riƙa jin abinci ya fi zaƙi a bakinsu, sai dai yawan zaƙin da suka ce sun fi so bai sauya ba. Harshe na farfaɗowa da wuri. Sabo ne mai taurin kai.

Ko da haka, alƙiblar da shaidun suka fuskanta ɗaya ce, kuma ta shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a yini, kimanin giram 50 ga baligi, wato ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya ta rabin lita kan cinye kusan duka wannan kaso, kafin a lissafa shayin safe da kunun yamma. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi a Najeriya, kuɗin da hauhawar farashi ta riga ta mayar ba a bakin komai ba. A ganina, muhawarar da ake yi kan harajin ta cika tsayawa kan kuɗin shiga da asarar kamfanoni, ta bar tambayar da ƙudan ya taso da ita: yaron da aka yaye da lemon kwalba, a wane mataki ma'aunin zaƙinsa zai zauna?

Tarko da masu gane tarko

Hausawa na cewa ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, kuma kusan duk dabarun kashe ƙwari da koto a kan wannan magana aka gina su. Abin da ilimin ɗanɗano ya ƙara shi ne kowane ƙwaro da irin kwaɗayinsa, kuma kwaɗayin na iya sauyawa.

Kyankyaso ne babban misali. A shekarun 1980 kamfanoni a Amurka suka yi nasara da koton guba da aka gauraya da sukarin gulukos. Cikin 'yan shekaru aka fara samun gidajen da ƙaramin kyankyason madafa ke wuce koton bai taɓa ba. Sai a 2013 masana a Jami'ar Jihar North Carolina, ta amfani da hanyoyin da aka ƙware a kansu wajen nazarin ƙuda, suka gano sirrin: a jikin waɗannan kyankyasai gulukos na kunna layin ɗaci. Waɗanda ke jin zaƙinsa sun ci sun mutu, waɗanda ke jin ɗacinsa suka rayu suka hayayyafa. Kamfanonin dole suka sauya abin da suke gaurayawa.

Manomin mangwaro kuwa abokin gabansa ba ɗan ƙudan kwandon Unguwar Shanu ba ne, wanda sai abu ya fashe ko ya ruɓe yake zuwa. Mai ɓarnar wani ne da ya fi shi girma, Bactrocera dorsalis, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, cikin shekaru kaɗan kuma ya mamaye Afirka ta Yamma. Tamatarsa na huda lafiyayyen mangwaro tun yana bishiya ta saka ƙwai, shi ya sa mutum zai sayi mangwaro mai kyan gani ya yanka ya tarar da tsutsa. Ita ma, kamar 'yar uwarta ta ɗakin bincike, tana buƙatar furotin kafin ƙwanta ya nuna. Don haka koton da ke kama ta na furotin ne da aka sa wa guba kaɗan, a yayyafa a wani ɓangare na bishiya maimakon a wanke gona duka da feshi. Mazan kuma wani ƙamshi ne da ake kira methyl eugenol ke jan su cikin tarko. Mataki mafi araha shi ne tsince mangwaron da ya faɗo a binne shi da zurfi, ko a ɗaure shi a baƙar leda a bar shi a rana, domin daga cikinsa tsutsar ke fita ta shiga ƙasa ta zama sabon ƙuda.

Ba kullum dabarar ke cin nasara ba. Sauro, mace da namiji, na shan zaƙin furanni, saboda haka aka ƙera koton sukari mai guba da ake ratayawa a bangon gida. Gwaje-gwajen farko a Mali sun ba da ƙwarin gwiwa, amma manyan gwaje-gwajen da aka kammala a Mali da Zambiya da Kenya a 'yan shekarun nan ba su nuna raguwar zazzaɓin cizon sauro da aka yi fata ba.

Ƙudan tsando, mai sa wa shanu sammore, ya fi kowa nuna iyakar karin maganar. Namiji da tamata duk jini suke sha, kuma da aka karanta ƙwayoyin gadonsa a 2014 sai aka tarar makarɓan ɗanɗanonsa 14 ne kawai, ba a kuma ga na sukari a cikinsu ba. Shi ya sa tarkonsa ƙyalle ne shuɗi da baƙi da sinadaran da ke kwaikwayon warin saniya. Cibiyar da Najeriya ta ɗora wa yaƙi da shi, wato NITR, wadda aka kafa a 1947 a matsayin cibiyar Afirka ta Yamma, hedikwatarta na Unguwar Rimi, tafiyar 'yan mintoci daga Unguwar Shanu.

Shi kansa ɗan ƙudan kwandon ya fara samun masauki a jami'o'in ƙasar nan. A Ibadan, Farfesa Amos Abolaji ya kafa cibiyar bincike da horarwa a kansa. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, masu bincike a cibiyar CAMRET sun yi amfani da shi wajen kwatanta tasirin farar shinkafa da wadda ba a cire wa dusa ba, da kuma yadda ƙarancin sinadarai irin su zinc a abincin iyaye ke bin 'ya'ya da jikoki. Ƙungiyar TReND in Africa, wadda ta faro a 2011 da hannun wani masani ɗan Najeriya, Sadiq Yusuf, ta horar da matasan Afirka da dama kan nazarin ƙwaƙwalwar ƙwari. Abin da ake buƙata don a fara bai wuce kwalabe, garin masara, yis, madubin ƙara girma da ɗaki mai sanyi daidai gwargwado ba. Na ƙarshen ne mai wuya: idan zafi ya haura digiri 30 ya daɗe, mazan ƙudan na daina haihuwa, kuma a watan Afrilun Kaduna, in wuta ta ɗauke, ɗaki kan wuce haka kafin azahar.